Yadda Ake Sayen Kyamara da Kayanta da Kuɗi Kaɗan a Arewacin Kamaru

Kafin ka tambayi wace kyamara ce ta fi kyau, fara zagaya masu hoton garinku ka ga abin da ke rataye a wuyansu. A Garwa, Marwa, Ngaundere ko Kuseri, abin da za ka fi gani Canon ne da Nikon, baƙaƙen nan masu tozo a ka waɗanda ake cire musu lens, wato bututun gilashin nan na gaba, a sa wani. Akwai dalili. Idan batir ya kumbura ana jajibirin Sallah, ko caja ta ƙone, akwai wanda za ka buga wa waya ya ara maka kafin naka ya iso daga Duwala. Wanda kuwa ya sayi kyamarar da shi kaɗai ke da irinta a gari, ranar da murfin batirinta ya karye ta gama aiki sai baba-ta-gani. Don haka ma'aunin da za mu bi shi ne: ka sayi abin da garinka zai iya riƙe maka, kuma kada kuɗin su ƙare a kan gangar jikin kyamarar kaɗai.

Mataki na farko: wane aiki za ta yi?

Idan hoton haja za ka riƙa ɗauka, atamfa ko turare ko takalman fata na Marwa, don ka sa a WhatsApp da Facebook, wayar da ke hannunka ta isa. Nemi farin kwali da inuwa mai haske, ka riƙe kuɗinka. Kyamara ta wanda zai shiga sana'a ce: biki, suna, walimar sauka, hawan Lamiɗo ranar Sallah, hoton 4x4 na takardu. Sai kuma mai son bidiyo, na wa'azi ko na wasan barkwanci, shi kuma akwai abin da zai duba na daban da zan faɗa a gaba.

Kada megafiksel ya ruɗe ka. Hoton da ake wankewa a kati mai santimita 10 da 15 bai buƙatar abin da ya wuce megafiksel 2 da ɗoriya, mai girman takardar A4 kuma wajen 9 ya ishe shi. Kyamara mai 16 ko 18 ta wuce buƙatar kowane biki. Abin da ke raba hoton irin wannan kyamara da na waya ko na ƙaramar kyamarar aljihu shi ne girman sensa, wato farantin da haske ke sauka a kansa a ciki. Na ƙananan Canon da Nikon ana kiransa APS-C, faɗinsa ya ɗan haura milimita 22, alhali na ƙananan kyamarorin aljihu bai cika wuce milimita 6 da ɗan kai ba. Shi ya sa a ɗakin amarya da daddare ɗaya ke fitar da fuska tas, ɗayan kuma sai dusa-dusa.

Saboda haka ka guji sababbin kyamarorin nan marasa sananniyar alama da ake tallatawa da "4K" da "48MP" a jikin kwali, a kan kuɗin da bai kai na ƙaramar waya ba. Sensarsu ƙarama ce, lambar kuma hura ta aka yi. Araha ba ta ado.

Mataki na biyu: raba kuɗin tun a gida

A ce abin da ka tara sefa dubu 200 ne. Kada ka shiga kasuwa neman kyamarar dubu 200. A ganina kada gangar jiki da lens ɗin da ta zo da shi su wuce dubu 120 zuwa 130. Sauran na katin ajiye hotuna biyu ne, da batir na biyu, da filashi da batiransa, da jaka, da kayan share ƙura, sannan ka bar wani abu a aljihu saboda kuɗin mota da abin da ba a rasa ba. Idan kuɗinka sun fi haka ko ba su kai ba, kason dai shi ne: kusan kashi biyu cikin uku ga kyamara, ɗaya ga kayanta. Na sha ganin samari da kyamara mai tsada a wuya, batir ɗaya, kati ɗaya, ana tsakiyar kamu wuta ta ɗauke musu.

Mataki na uku: wacce za ka nema?

Da irin wannan kuɗi ta hannu za ka saya, kuma babu abin kunya a ciki. Kyamarar da ta fito shekara goma da suka wuce ba ta manta yadda ake ɗaukar hoto ba.

A gidan Canon, 600D ta 2011 da 700D ta 2013 su ne na fi ba da shawara. Megafiksel 18, allon baya yana juyawa, akwai ramin makirfo, kuma dukansu batir LP-E8 suke ci, haka ma 550D da 650D, don haka aron batir ba ya wuya. Ƙasa da su akwai 1200D da 1300D da 2000D masu batir LP-E10. Suna hoto lafiya lau, 1300D da 2000D ma suna da Wi-Fi na tura hoto waya, amma allonsu ba ya juyawa kuma ba su da ramin makirfo. Idan ka ga an rubuta Rebel T3i ko T5i kada ka rikice, 600D ce da 700D da sunan da ake sayar da su a Amurka.

A gidan Nikon akwai D3200 ta 2012 da D3300 ta 2014, masu megafiksel 24 da ramin makirfo, sai D5100 da D5200 da D5300 masu allo mai juyawa. Duka batirinsu ɗaya ne, EN-EL14. D3400 da D3500 sun fi su sabunta kuma batirinsu na daɗewa ƙwarai, a gwajin kamfani D3500 tana haura hoto 1,500 a caji ɗaya, abin da ke da daraja a garin da wuta ke zuwa tana tafiya. Sai dai an cire musu ramin makirfo. Mai bidiyo ya lura da wannan.

Sony a6000 ta 2014 ƙarama ce, mara nauyi, mai saurin kama fuska. Amma batirinta bai kai hoto 400 ba, lens ɗinta sun fi tsada, kuma da zarar ka cire lens sensa na nan a fili tana kallon ƙurar hunturu. Ga wanda kuɗinsa ke a ƙirge, zan bar ta sai gaba.

To Canon ko Nikon? Wacce maigidan da zai koya maka aiki yake riƙe da ita, ita za ka saya. Gardamar ta ƙare a nan.

Mai bidiyo ya ƙara sanin cewa waɗannan kyamarori ba sa ɗaukar bidiyo a jere fiye da minti 29 da daƙiƙa 59, wasu ma suna tsayawa tun kafin nan, kamar 600D da ke yankewa wajen minti 12 a Full HD idan fayil ya cika giga 4. Wanda aikinsa ɗaukar tafsirin awa biyu ne, gara ya nemi kyamarar bidiyo ta hannu ko ya tsaya ga waya mai kyau da makirfo.

Mataki na huɗu: inda za ka saya da yadda za ka san farashi

Hanyoyin sanannu ne: shagunan kayan lantarki na babbar kasuwa, mai hoton da zai sauya tasa ya sayi babba, 'yan kasuwar Duwala da Yawunde da ke aiko da kaya ta motocin haya ko ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, masu shigo da kaya daga Najeriya ta Mubi ko Yola, sai ɗan'uwa da ke Turai. Na Kuseri kuma gadar Ngeli kawai zai haye ya duba shagunan Injamena. A cikinsu duka na fi natsuwa da mai hoton da ka sani, don ka ga aikin da kyamarar ta yi da idonka, kuma ka san ƙofar gidansa.

Don sanin farashi, sefarmu a ɗaure take da yuro: yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Buɗe shafukan sayar da kayan hannu na Faransa, ka rubuta sunan kyamarar, ka ga abin da ake nema, ka ninka da 656. Ta yuro 200 ta kama wajen dubu 131 ke nan. Ka ɗora kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa a kai. Idan abin da aka yanka maka ya ninka wannan, ka san inda za ka fara tayi. Idan kuma ya yi ƙasa da shi sosai, ka ji tsoro, ko dai akwai ciwon da aka ɓoye ko kayan na sata ne.

Kada ka tura cikakken kuɗi ta Orange Money ko MTN MoMo ga mutumin da ka sani a Facebook kawai. Wannan cinikin biri a sama ne. In dole sai daga Duwala, nemi wani naka a can ya je ya riƙe ta a hannu, ku yi kiran bidiyo ya yi gwajin da ke tafe, sannan a biya. Mai kawo maka daga Turai kuma ka tuna masa batiran ajiya a jakar hannu ake shiga jirgi da su.

Mataki na biyar: gwaji kafin ka ce ka saya

Nan ne kuɗinka za su tsira ko su salwanta, don haka kada ka yi sauri. Je da rana, da katinka, da wayarka cike da caji, in da hali da wanda ya san aikin. Mai shago zai ce maka:

"Haba ɗan samari, wannan daga Beljiyam ta zo, ko biki ɗaya ba ta yi ba."

Sai ka ce, "Na yarda, Alhaji, amma gani ya kori ji. A ba ni minti 20 da ita a nan ƙofar shago."

In ya hana, yi masa sallama cikin mutunci ka wuce.

Fara da jiki. Gogewar fenti a kusurwa ba komai ba ce, tsufa ne. Abin dubawa shi ne tsagewa, da kan ƙananan kusoshi: in sun kwarzane, an taɓa buɗe ta. Buɗe gidan batir ka leƙa, kore-kore ko farin gari a kan ƙarafunan alamar ruwa ne ko danshi. Sa katinka ka cire sau biyu uku, ya shiga da ɗan ƙas ya fito da kansa. Murza kowace dabaran, danna kowane maɓalli, juya allo. Duba harshen da ke ciki, ka tabbata akwai Faransanci ko Turanci, domin wasu Sony da aka yi wa kasuwar Japan ba sa jin kowane harshe sai Japananci.

Sai lens. Cire shi, ka cire murfin gaba da na baya, ka kunna fitilar waya ka haska ta baya kana leƙawa ta gaba a karkace. 'Yan ƙwayoyin ƙura za ka gani a kowane tsohon lens, ba sa fitowa a hoto. Abin gudu shi ne farin zare-zare mai rassa da ke yaɗuwa daga gefen gilashi zuwa tsakiya, ko hazo da ya lulluɓe shi daga ciki. Wannan fumfuna ce, kuma kayan da suka daɗe a danshin Duwala sun fi kamuwa da ita. Ba a goge ta daga waje. Sunsuna jakar ma, warin rima ba ya ɓuya. Daga nan murza zoben zum daga 18 zuwa 55 ka saurara, in ka ji ƙaras-ƙaras yashi ya shiga.

Mai da lens, ka gwada kama hoto, wato yadda take saita kanta abin da ka auna ya fito tas. Auna wani abu a kusa, kamar kwalin da ke kan kanta, ka danna maɓalli rabi, sannan ka auna wani abu can nesa a bakin titi. Ya kamata ta kama nan take. Lens da ke kai da komo yana gurnani bai kama ba da rana tsaka, a wurin biki da dare sai ya kunyata ka.

Yanzu gwajin sensa. Juya dabaran zuwa Av a Canon ko A a Nikon, kai lambar f, wato mai nuna buɗewar ƙofar shigar haske, zuwa 22, ISO 100, ka ɗauki sararin sama inda babu gajimare, ko farar takarda. Buɗe hoton ka zuƙo shi, ka bi shi kusurwa-kusurwa. Ɗigo-ɗigo masu duhu ƙura ce, ana hure ta ko a share, har ma ta zama hujjar neman ragi. Amma dogon layi siriri da bai gushe ba bayan an hura, ƙarzuwa ce, wani ya goge sensar da abin da bai dace ba. Ajiye ta. Bayan haka rufe lens da murfinsa, ka kashe kama hoton da take yi da kanta, wato AF, ka juya dabaran zuwa M, ka ɗauki hoto na daƙiƙa biyu. Ya fito baƙi ƙirin. Ɗigo ja ko shuɗi ɗaya biyu ana haƙuri da su, layi daga sama har ƙasa kuwa ba a haƙuri da shi.

Sai adadin bugun shota. Labulen da ke buɗewa ya rufe duk sanda ka ɗauki hoto yana da iyakar rayuwa, a irin waɗannan ƙananan kyamarori ana ƙiyasta shi wajen bugu dubu 100. Wasu na wucewa da nisa, wasu ba sa kaiwa. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, don haka ka ɗauki ɗaya ka ɗora a ɗaya daga shafukan intanet da ke karanta shi kyauta. Ƙananan Canon ba sa yin haka, sai an haɗa su da kwamfuta da wata manhaja. A tallan Faransanci kalmar da za ka nema ita ce "déclenchements". Kada a nuna maka lambar sunan hoto a ce shi ne adadin, wannan tana kaiwa 9999 ta koma farko. Ƙasa da dubu 30 ka samu mai sauran ƙuruciya. Wadda ta haura dubu 80 sai in farashinta ya faɗi warwas.

A ƙarshe ɗauki hoto goma a jere, ɗauki bidiyon minti biyu ka saurari sautinsa, ɗaga ƙaramin filashin kanta ka ga ya haska. In duk ta wuce, sai a shiga ciniki. Ka taya, ya ce albarka, ka ƙara kaɗan, ka nemi gyara da batir ko jaka maimakon ragin da ba zai yi ba. Kafin ka miƙa kuɗi a rubuta rasit mai ɗauke da lambar da ke ƙasan kyamarar da ta jikin lens, da sunan mai sayarwa da lambar katin shaidarsa. Ranar da jandarma suka tare ka da tambayar inda ka same ta, wannan 'yar takarda ce za ta yi maka magana.

Mataki na shida: lens

Lens 18-55 da ke zuwa da kyamara ana raina shi, alhali shi ne ke ɗaukar hoton dangi a tsakar gida da na ango da abokansa. Ka tabbata dai akwai IS a jikin na Canon ko VR a na Nikon, su ne masu rage rawar hannu. Riƙe shi har sai aiki ya fara kawo kuɗi.

Na biyu da za ka saya shi ne mai buɗewa f/1.8, wanda ke shan haske sosai ya narkar da bayan mutum. A Canon 50mm f/1.8 STM ne. Yana fitar da fuskar amarya da zanen lallenta yadda kowa zai tambayi wanda ya ɗauka, sai dai a ƙaramin ɗaki yana matse wuri, za ka ja baya har ka jingina da bango mutum uku ba su shiga ba. A Nikon na fi son 35mm f/1.8G DX saboda ya fi faɗi.

Masu Nikon su kiyaye tarko biyu. Jerin D3000 da D5000 ba su da injin juya lens a jikinsu, don haka tsohon 50mm f/1.8D mai araha zai hau amma ba zai kama hoto da kansa ba, sai mai alamar AF-S. Sababbin masu alamar AF-P kuma ba sa aiki a D3100 da D3200 da D5100.

Don dawakin hawan Sallah ko dorinar Binuwai, akwai 55-250 IS na Canon da 55-200 VR na Nikon. Za a yi ta tura maka 75-300 na Canon saboda arha da tsawonsa. Ba shi da IS, hotonsa a can ƙarshe laushi ne. Ka bar shi.

Mataki na bakwai: kati da batir

Wani yaro a unguwarmu ya sayi kati mai rubutun 64GB a hannun mai tallan kayan waya, a kan kuɗin kwanon shinkafa biyu. Ya ɗauki biki tun daga sa lalle har kai amarya, kyamara na nuna masa komai na shiga. Da ya zauna gaban kwamfuta, hotunan ranar farko suka buɗe, na sauran kwanakin kuwa sai toka-toka, wasu rabi hoto rabi duhu. Katin ƙarami ne aka yi masa rubutun ƙarya a ciki da waje. Har gida uwar amarya ta zo, ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "Ɗana, yanzu me zan nuna wa 'yan'uwanta da ba su samu zuwa ba?"

Sayi kati biyu masu 32GB maimakon ɗaya babba, na sanannun kamfanoni irin SanDisk ko Kingston ko Lexar, a shagon da za ka iya komawa. Hoton JPEG na kyamara mai megafiksel 18 wajen mega 6 zuwa 7 ne, kati ɗaya zai ɗauki sama da dubu 4. Nemi lamba 10 a cikin da'ira, mai bidiyo kuma ya nemi U3 ko V30. Da yake jabun ma suna ɗauke da waɗannan alamu, gwada shi ranar da ka saya. Manhajar H2testw ta kwamfuta kyauta ce, tana cika katin ta karanta ta faɗa maka ainihin cikinsa. In babu kwamfuta, cika shi da bidiyo har ya ce ya ƙoshi, sannan ka kunna na farko da na tsakiya da na ƙarshe.

Batir na biyu wajibi ne. Wanda ba na kamfanin ba yana aiki, sai dai bai kai na asali daɗewa ba. Ɗora shi a kan tebur mai santsi ka juya shi da yatsa, in ya yi ta juyawa kamar katantanwa cikinsa ya kumbura, kada ya shiga kyamararka. Ƙara da caja mai cin USB, wadda za ka jona da pawa banki ko ƙaramin sola ranar da babu wuta. Cajar da ta zo daga Amurka kuma ka karanta bayanta, in an rubuta 100-240V lafiya, kan soket kawai za ka sauya, domin wutarmu 220 ce.

Mataki na takwas: haske da sauti

Filashi na ɗorawa a ka ya fi sabon lens saurin gyara hoton biki. Masu araha da aka sani su ne Godox TT600 da Yongnuo YN560, waɗanda kai ne ke saita ƙarfinsu da hannu, abin da za ka koya a yamma ɗaya. Suna cin batir AA huɗu, don haka sayi masu caji saiti biyu. Kafin ka saya leƙa mazaunin da ake zura filashi a kan kyamararka ka ga ko akwai babban ɗigon ƙarfe a tsakiya. Canon 4000D da 250D da wasu 2000D ba su da shi, irin waɗannan filashi kuwa ba sa tashi sai da shi.

Kada ka harba hasken kai-tsaye a fuska. A ɗaki mai farin silin, ɗaga kan filashin sama hasken ya daki silin ya sauko a hankali. A ƙarƙashin rumfa ko kwano tsirara, ɗaura farin kati da roba a bayan kan filashin. Da rana kuma, mutum baƙi cikin farar shadda a tsakiyar rana shi ne jarrabawar kowace kyamara: ta bi rigar ta bar fuskar a duhu. Ja shi inuwa, ko ka jira bayan La'asar, ko ka ɗan buɗe filashi ya cike fuskar.

Mai bidiyo ya sayi makirfon maƙalawa a riga irin Boya BY-M1, igiyarsa ta kai mita 6, da ƙafar kyamara mai ƙwari, wato mai ƙafa ukun nan da ake ɗora ta a kai. Mai hoto zalla zai iya jinkirta ƙafar. Na'urar wanke hoto irin Canon Selphy ma ta jira sai masu neman 4x4 sun fara yi maka layi.

Mataki na tara: ƙura da zafi

Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta barin komai. Kada ka sauya lens a fili. Shiga ɗaki ko mota, kashe kyamarar, ka kifa bakinta ƙasa, ka yi sauri. Sayi famfon roba na hura iska, da ƙyallen goge tabarau, da gilashin kariya na gaban lens. Girmansa na rubuce a jikin lens kusa da alamar da'ira mai layi: 58 ga 18-55 na Canon, 49 ga 50mm STM, 52 ga 35mm na Nikon. Hura kafin ka goge, kullum, domin ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin ƙyalle ta isa ta zana gilashi. Bakin riga da hurawa da baki ba su cikin kayan aiki. A kan kilando, wato babur ɗin haya, kuma kyamara a cikin jaka take tafiya, jakar a rufe, a gabanka.

Littafin Canon ya ce a yi aiki da ita tsakanin digiri 0 da 40, Garwa da Marwa kuwa a Maris da Afrilu suna haura 40. Kada ka bar ta a mota a rufe ko a kan kujera a rana, ka lulluɓe ta da farin ƙyalle tsakanin ɗauka da ɗauka, ka kashe allo in ba ka buƙatarsa. Mutanen Ngaundere nasu ciwon na damina ne: su tara 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa a kwalin takalmi, su zuba a roba mai murfi tare da lens.

Ranar farko a gida

Gyara kwanan wata da lokaci. Yi wa katin fomat a cikin kyamarar kanta. Sa girman hoto a L mai inganci. Idan daga Amurka ta zo, shiga saitin bidiyo ka mai da shi PAL, ko ka zaɓi hoto 25 a daƙiƙa a maimakon 30, domin wutarmu mai 50Hz ce, in ba haka ba bidiyon da ka ɗauka a ƙarƙashin fitila zai riƙa ƙyaftawa. Kada ka karɓi aikin kuɗi sai ka yi mako biyu kana ɗaukar 'yan gida da safe da rana da dare, kana kuma bin maigidanka biki kana riƙe masa jaka. A waje ka nemi izini kafin ka auna mutum, musamman mata, kuma ko da wasa kada ka ɗaga kyamara a shingen sojoji ko gaban barikinsu.

Abu na ƙarshe a jerin saye shi ne ƙaramin makarancin kati mai shiga bakin waya, USB-C ko micro, gwargwadon wayarka. Da shi za ka kwashe hotuna tun a wurin biki ka gyara a Snapseed. Kada ka share kati sai hotunan sun zauna a wuri biyu. In za ka tura wa mai biki ta WhatsApp, tura su a matsayin fayil, domin in ka tura ta hanyar hoto da aka saba manhajar na matse su, ya kai ɗakin wanki a fitar masa da fuska dishi-dishi ya ce kyamararka ce.